Ƙarar tana cikin bonet, mu kuwa muna ta canza ƙafa

Wata uku cur na yi ina fama da wani "ƙwas" a gaban motata, Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik, kuma har yau idan na tuna kuɗin da na zuba a ƙafarta sai raina ya sosu. Bakaniken farko ko bonet bai buɗe ba. Ya danna gaban motar sau biyu ya ce shokabzoba ce. Na amince nan take, domin duk mai bin lungunan unguwar Kurna a Kano da damina ƙafa yake fara zargi. Aka canza guda biyu, aka bi da linkej, daga baya bolojoyin, duk kayan ƙafar mota ne, amma ƙara tana nan daram.

Wani dattijon bakanike da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa ne ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini, ni ma ban yi wa kaina ba.

"Alhaji, a rami take yi, ko lokacin da ka sa giya?"

Na yi shiru, sannan na ce, "Baba, gaskiya idan na sa ribas ne da safe, da kuma idan na taka totur bayan na tsaya." A nan ne gabana ya faɗi, domin ƙarar ƙafa rami da gargada ne suke tayar da ita, tawa kuwa tana yi ko motar ba ta motsa ba.

Ya sa na ja birkin hannu, na take na ƙafa sosai, ya kori yaransa daga gaban motar, shi kuma ya tsaya daga gefe. Da na sa giya a D, wato ta tafiya gaba, na ɗan taɓa totur, sai injin ya yi zumbur kamar zai fito, ya koma ya dira da wannan ƙarar da na haddace. A ribas ma ya karkata ɗaya ɓangaren. Injin da giyar wannan mota a kan mazauni huɗu suke zaune, wanda makanikai ke kira injin sit da giya sit, kuma na dama mai ruwa ne a cikinsa domin shanye girgiza. Ya haska mini shi da fitilar waya: wani baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikin ƙarfen, alamar ya fashe. Robar na baya kuwa ta dare kamar faso a dunduniya da hunturu. Duk wannan binciken bai ci minti biyar ba, bayan wata uku na asara.

Na so a canza na daman kaɗai saboda aljihu ya riga ya yi rauni, amma ya ƙi, ya ce idan ɗaya ya mutu sauran ne suke ɗaukar nauyinsa, kuma injin da ke tsalle yana iya tsinka tiyo ko ya tsaga mahaɗar salansa. Muka canza biyun, ya tallafe injin da jak da guntun katako, bai kuma ƙarasa ɗaure notuna ba sai da injin ya zauna da nauyinsa.

Washegari na tsaya a cunkoson Kabuga da giya a D, na ji sitiyari ya daina karkarwar da na daɗe ina ɗauka tsufan mota ne. Tsofaffin shokabzoba biyun nan suna ɗakin ajiyata har yanzu, dattijon ya gwada su ya ce lafiyarsu ƙalau.