Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun Jirage a Hanyar Gao

Assalamu alaikum masu bibiya. A makon jiya mun tsaya inda motata ta lalace a Gao, a arewacin Mali, na karyar da albasar da na ɗauko daga Galmi a kan kuɗin da ko na gazuwal bai mayar ba, na tare a gidan mai masaukina ina jiran ƙarfen da za a aiko mini daga Yamai. Farkon watan Janairun 2013 ke nan. Garin yana hannun masu jihadi na ƙungiyar MUJAO tun watan Yunin 2012, lokacin da suka fatattaki 'yan tawayen Abzinawa na MNLA.

Zaman garin a lokacin ba daɗi. An hana kiɗa, an hana taba, mace ba ta fita sai a lulluɓe. Babban filin tsakiyar gari sun mai da shi wurin yanke hukunci, can ake tara jama'a a sare hannun wanda aka ce ya yi sata. Ban taɓa zuwa kallo ba, amma na ga wani saurayi a bakin kasuwa da dungulmi naɗe da bandeji, uwarsa na ba shi fura a baki. Wasu 'yan kasuwa kan ce a ɓoye ai yanzu babu duwan, babu mai tare ka a shinge ya ce kawo na goro. Gaskiya ne babu. Ni dai da na ga wannan yaron, na san sauƙin kuɗin shinge bai kai hannun mutum ba.

Da dare mukan shige ɗakin ƙurya mu rage muryar rediyo mu kama sashen Hausa. A nan muka ji cewa ranar 10 ga wata masu jihadi sun kama Konna, sun doshi Mopti, washegari kuma Faransa ta shigo yaƙin bisa roƙon shugaban riƙon ƙwaryar Mali Dioncounda Traoré. Suka sa wa aikin suna Serval. Ranar 13 ga wata jiragen Faransa suka iso kanmu. Muna shan shayi a zaure sai ƙasa ta girgiza, ƙurar rufin ɗaki ta zubo cikin kofunanmu, awakin gidan suka tsinke igiya. Yaron motata ya zabura zai fita, mai masaukina ya riƙo gefen rigarsa.

"Zauna, ɗana. Na sama ba ya tambayar sunan mai gudu."

Muka zauna. Uwargidansa ta tattara jikoki a jikin bango tana ta salati. Bayan nan sai muka riƙa ganin motocin mayaƙan, waɗanda suka shafe da laka don kada a hango su daga sama, suna sulalewa daga gari. Kafin su tafi sun fasa gadar Tassiga, a kan hanyarmu ta komawa Nijar. Ranar 26 ga Janairu sojan Faransa suka kama filin jirgi da gadar Wabaria, sojan Mali suka shigo gari, na Nijar da na Cadi suka biyo baya.

Murnar da na gani ran nan ban taɓa ganin irinta ba, ko a sallah. Samari bisa babura suna zagaya gari da tutar Mali da ta Faransa, mata sun fito suna guɗa, tsofaffi sun kunna taba a tsakiyar titi. Wani soja ɗan ƙasarmu ya ji ina yi wa yarona magana, ya waiwayo ya ce, "Ɗan'uwa, kai ɗan ina ne?" Na ce Madawa. Ya ce, "To ka kwantar da hankalinka, an gama." Sai da idona ya kawo ruwa. Ni ma na ɗaura ƙyallen tutar Faransa a madubin mota, kuma har gobe ina cewa zuwansu a wannan watan ya ceci rayuka. Da shugaba François Hollande ya je Tumbutu ranar 2 ga Fabrairu har raƙumi aka ba shi.

Mai masaukina kaɗai ne bai fita ba. Dattijo ne da ya yi fatauci har Sabha ta Libiya. Na ce, "Baba Alhaji, ba za ka fito ka ga gari ba?" Ya ce ya ji daɗi, amma in tambayi kaina daga ina bindigogin nan suka fito. Daga rumbunan Libiya suka kwararo bayan da jiragen NATO, da Faransa a sahun gaba, suka taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011. Ya ce, "Wanda ya cinna wa danga wuta ne ya zo da guga. Mu karɓi ruwan, amma kada mu manta."

Sojan nan da ya ce an gama, Allah ya sani da zuciya ɗaya ya faɗa. Ranar 8 ga Fabrairu ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a shingen shiga Gao, kwana biyu bayan haka aka wuni ana ɓarin wuta a tsakiyar gari. Ranar 23 ga Mayu masu jihadi suka kai hari barikin soja a Agadas da ma'adinin uraniyom a Arlit, wato wutar ta tsallako gida.

Zan haɗa shekarun da suka biyo baya a wannan kashi, don a wurina labari ɗaya ne. A 2014 Serval ta koma Barkhane, da hedikwata a Njamena da babban sansani a Gao, har sojojinta suka kai 5,100. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo rundunar MINUSMA. Amurka ta girke jirage marasa matuƙa a Yamai, ta gina musu fili na musamman a Agadas. Mu kuwa masu bin hanyar Tilaberi, Ayoru, Labezanga, Ansongo zuwa Gao, kowace shekara sai tafiyar ta fi ta bara tsoro. Da can mukan kwana a duk ƙauyen da dare ya same mu, a kawo mana kifin kogi. Sannu a hankali sai ya zama ba ka tashi sai rana ta fito sosai, kana tafe kana bin sawun tayar wanda ke gabanka saboda bam da ake binnewa, in ka hangi babura biyu a nesa bakinka ya bushe.

A watan Oktoban 2017 aka kashe sojan Amurka 4 a Tongo Tongo tare da 'yan ƙasarmu da ke tare da su, duniya duka ta koyi sunan ƙauyen. A Disambar 2019 aka kashe mana soja 71 a Inates, wata guda bayan haka 89 a Shinagodar. A tasha tambaya ɗaya kowa ke yi: jirgin da aka ce yana ganin komai daga sama, ya aka yi bai ga tarin babura sun doshi bariki ba? Ni ban yarda da duk abin da ake faɗa a tasha ba, musamman masu rantsuwa cewa Turawan ne ke raba wa 'yan bindiga makamai. Abin da na fahimta ya fi wannan sauƙi kuma ya fi ciwo. Su Turawan manyan kawunan masu jihadi suke farauta, kuma sun samu: Abdelmalek Droukdel a 2020, Abu Walid al-Sahrawi a 2021. Mutumin ƙauye kuwa so yake ya ci kasuwar mako ya dawo da jakinsa, kada a zo a ƙirga masa shanu da sunan zakka, in makiyayi da manomi sun saɓa a samu mai raba su da adalci. Wannan ba ya cikin abin da ya kawo kowa daga ƙetare.

Ƙarshen Nuwamban 2021 matasa suka tare ayarin sojan Faransa a Tera yana kan hanyarsa ta zuwa Gao, aka yi harbi, mutum 3 suka rasu. A shekarar na daina bin hanyar, na koma kai albasa kudu. Ba a jima ba sojojin da ke mulki a Bamako suka kawo sojojin haya na Wagner daga Rasha, ranar 15 ga Agustan 2022 sojan Faransa na ƙarshe suka fice daga Gao.

Ɗana na fari tela ne a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 na same shi a shago ya tara yadi fari da shuɗi da ja, keke na ta gudu, yana ɗinka tutar Rasha, samari na jira a ƙofa. Na tsaya ina kallonsu, fuskokinsu irin na samarin Gao sak.

Ya ce, "Baba, waɗannan ba su taɓa yi mana mulkin mallaka ba. Makamai za su ba mu mu yi yaƙinmu da kanmu."

Ban hana shi ba, sana'arsa ce, kuma fushinsa yana da tushe. Na dai tuna masa da garin Moura a tsakiyar Mali, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da baƙin mayaƙa sun kashe mutum aƙalla 500 a watan Maris na 2022, ko da yake Bamako ta musanta. Na ce masa waɗanda suka mutu can 'yan cin kasuwa ne irinmu. Ya yi shiru, ya ci gaba da taka keke.

Abin da ya biyo baya kun sani. Faransa ta kwashe sojanta daga Nijar a Disambar 2023. A Afrilun 2024 Rashawa suka sauka Yamai, har suka zauna a sansani ɗaya da Amurkawa na ɗan lokaci, kafin Amurka ta miƙa filin Agadas a watan Agusta. Da 'yan tawaye suka yi wa Wagner ɓarna a Tinzawatan, a arewacin Mali, a Yulin 2024, sai ga Mali da Nijar sun yanke hulɗa da Yukiren, bisa zargin tana da hannu. Yaƙin da ake yi a can Turai ya iso hamadarmu, kowane babba yana lissafin abin da abokin hamayyarsa ya rasa. Ƙauyukan da nake kwana a cikinsu a yankin Tilaberi kuwa da yawa sun watse, mutanensu na zaman gudun hijira a Ayoru da Walam. Mai masaukina ya rasu a Gao ban samu zuwa gaisuwa ba, don babu direban da zai ce maka hanya lafiya. Allah ya jiƙansa.

Amma na tsallake wani abu da ya taɓa ni kai tsaye. Daga shagon ɗana na wuce Gaya, inda motata ke cikin layi cike da albasa. Ranar 30 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ke tsallakawa Malanbil ta ƙasar Benin, ga damina ta sauka, ga bashin masu kaya a wuyana. Yadda na yi da albasar da kuma yadda na rabu da motar, nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.