Shekara ɗaya da riƙo

Yau shekara ɗaya cif da mai unguwa ya kawo mana wata yarinya 'yar shekara 7. Uwarta ta rasu, matar uba ta mayar da ita jakar gida. Ranar da ta zo akwai shatin wayar caja a bayanta, wani ya bushe, wani ɗanye.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tuwo. Wata biyu ina tsintar malmala ƙunshe a leda ƙarƙashin filonta, har ta yi tsami. Na so in yi faɗa, Hajiya ta ce, "Ƙyale ta, 'yar nan, yunwar ce ba ta gama fita daga ranta ba."

Masu cewa in kai ta gidan marayu, ubanta fa yana raye, kuma sunansa take amsawa a makaranta. Malam ya ce haka shari'a ta tanada: riƙo ba ya sauya nasaba, ba ta gadonmu, sai dai wasiyya cikin sulusi. Maigida ya riga ya rubuta.

Jiya da daddare ta bar rabin tuwonta a kwano, ta fita wasa.