Taimin cen ya saki a tsohuwar 240D: yadda na yi da shi

Motar Mercedes 240D ce, W123 ɗin nan da aka yi ta ƙerawa daga wajen 1976 zuwa 1985, injin gas mai silinda huɗu, OM616. Inji ne mai haƙuri sosai, shi ya sa ake sakaci da shi, don ko taimin cen, wato sarƙar da ke haɗa karanshaf da kamshaf don bawul su buɗe a kan lokaci, ya saki zai ci gaba da tafiya kai kuma kana cewa ai dama injin gas ƙara gare shi. Nawa dai abinda ya fara shi ne wani karaf-karaf daga gaban inji in an tayar da safe, daƙiƙa kaɗan sai ya ɓace da zarar baƙin mai ya hau, daga baya silo ya daina zama daidai, hayaki ya ƙaru, in na taka totur a hawa sai inji motar tana jan ƙafa.

Wannan ƙarar ta safe tana da dalili. Tenshinan injin nan, wato abin da ke tokare cen kar ya saki, da matsin baƙin mai yake aiki, toh kafin man ya iso cen ɗin lilo yake yana dukan robobin da ke riƙe shi a hanya. Kuma ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓin ne ke cinyewa, kowace gaɓa ɗan mitsitsi, amma in ka tara gaɓa sama da ɗari sai ya zama tsawo na gaske. Baƙin mai da ya daɗe ba a juye ba shi ke saurin cinye su, balle na injin gas da ke cika da baƙin hayaki.

Amma kunne baya auna cen, sai an buɗe. Na cire murfin bawul, na kwance hita filogi duka don inji ya juyu da sauƙi, na sa soket 27 a babban notin karanshaf ina juyawa da hannu, ta yadda agogo ke tafiya in kana tsaye gaban mota, kar ka kuskura ka koma baya ko da ka wuce alamar, gara ka sake zagayowa. Akwai tsaga a wasar da ke bayan giyar kamshaf da wata alama a jikin maɗaurin kamshaf na farko, in sun haɗu sai ka leƙa ƙasa ka karanta digirin da ke jikin fulen karanshaf. Sabon cen kusa da sifili yake nunawa. Nawa wajen digiri 8 ya nuna bayan alamar, na maimaita ya sake ba ni haka. Ma'ana bawul suna buɗewa a makare, famfon nozul shima a makare yake fesa gas tunda cen ɗaya ne ke jansu duka, ka ga inda hayakin da rashin ƙarfin suka fito.

Akwai masu sa wani ɗan makulli mai karkace, wato guntun ƙarfen da ke kafe giya a jikin shaf, a giyar kamshaf ya dawo da taimin ɗin bawul daidai, kuma yana aiki in sakin kaɗan ne. Ni hankalina bai kwanta da shi ba a digiri 8, don makullin baya mayar da ƙarfen da ya cinye. Injin nan matsinsa 21 ne a kan 1, tsakanin fistin da bawul kusan babu fili, ranar da cen ya tsallake haƙori ko ya tsinke fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, wani lokacin har kamshaf ya karye. Wallahi ban ga dalilin da zai sa in sa inji mai shekara sama da 40 a wannan cacar ba.

Abin daɗin shi ne ba sai an sauke inji ba, ta sama ake zura sabon. Na cire tenshina, na cusa tsummoki masu tsafta ko'ina a bakin ramin don kar komai ya faɗa ciki, na goge kan fil biyu na gaɓa ɗaya da garanda na raba tsohon cen, na haɗa bakin sabon da bakin tsohon. Daga nan aikin mutum biyu ne dole, ɗaya yana juya karanshaf a hankali, ɗaya yana ciyar da sabon yana jan tsohon waje, kuma nan ne duk haɗarin yake, don in cen ya ɗaga daga haƙoran giyar kamshaf ko na ƙiftawar ido, sifirin ɗin bawul zai fizge kamshaf ya juya shi kaɗai, in kuma bakin cen ya suɓuce ya faɗa ciki toh ka shiga uku. Ni ɗaure cen ɗin na riƙa yi a jikin giyar, mu juya kaɗan, in ƙara ɗauri a baya in yanke na gaba, haka har bakin sabon ya zagayo. Yana cin lokaci amma hannu baya rawa.

Gaɓar ƙarshe da na'urar matse kan fil na rufe ta, ban yarda da guduma a nan ba. Na sa sabon tenshina da sabuwar robar sama, fil ɗinta da dogon noti M6 da wasa-wasa ake zaro shi. Haƙoran giya ma na duba su da kyau, da sun yi tsini sun kwanta gefe guda da sai na canza, don tsohuwar giya cinye sabon cen take, nawa dai da sauransu.

Kafin in taɓa makullin tayar da mota na juya karanshaf da hannu zagaye biyu, wato zagaye ɗaya na kamshaf, babu inda ya cije, alama ta faɗo kusa da sifili. Na saita bawul inji na sanyi, milimita 0.10 na shiga, 0.30 na fita, aka duba taimin ɗin famfon nozul a digiri 24 kafin alamar sama, wato inda fistin ke kaiwa ƙarshen hawansa, sannan na juye baƙin mai da filta saboda garin ƙarfen garanda. Karaf-karaf ɗin safe ya tafi, hayaki ya ragu sosai. Yanzu duk sanda na buɗe murfi don saita bawul sai na karanta digirin na rubuta a littafin motar.