Na Bi Sharar Alƙahira Zuwa Inda Take Kwana

Wanda yake son ganin yadda arziki ya rabu a Alƙahira, ya ɗage zuwa dalar Giza sai wata rana, ya tashi da asuba ya bi motar shara. Abin da na yi ke nan. Na taso daga Zamalek, tsibirin nan na tsakiyar Kogin Nilu mai ofisoshin jakadanci da inuwar itatuwa, na tsallake gada, na bi titin Salah Salem, na wuce ganuwar Salahuddin, sai ga Manshiyat Nasir a gindin dutsen Muƙaɗɗam. In babu cunkoso, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Hanci ne yake fara gaya maka ka iso.

Nan ne mazaunin zabbalin, wato masu kwasar shara. Yawancinsu Kiristocin Kibɗawa ne, kakanninsu manoma da suka baro kudancin Masar, musamman yankin Asyut, tun wajen shekarun 1940. Gidajen na jan bulo ne ba filasta, hawa huɗu zuwa shida, da ƙarafa tsaye a sama suna jiran ranar da ɗa zai yi aure a ɗora masa hawa. Ƙasa wurin aiki, sama wurin kwana.

Aikin yana da tsari fiye da yadda ido yake nunawa da farko. Maza da samari suna fita tun dare bai gama ba, suna hawa bene ƙofa ƙofa, su dawo da manyan buhuna a akori-kura. Mata da 'yan mata su zauna su zazzage, su ware da hannu: kwali gefe guda, gwangwani, kwalba, tsumma, ragowar abinci, sannan roba. Robar ita ce kuɗin, ita ce kuma mai wuyar sha'ani. Ana ware ta bisa iri da launi, a cire murfi da takardar jiki, a zuba a injin da yake tsinka ta ƙanana, a wanke, a shanya a rufin gida, a sayar da awo. Idan robar bututun ruwa ta shiga cikin ta gorar ruwan sha, ko kaɗan ce, tana ɓata narkin gaba ɗaya, mai saye ya karya farashi. Kwali in ya jiƙe da miya, darajarsa ta faɗi. Da wannan haƙurin ake ƙiyasta cewa suna mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso ya zama abin amfani.

Na tsaya kusa da wata dattijuwa tana aiki ba safar hannu. Ta zaro allurar asibiti daga cikin ɓawon lemo, ta jefa a wani gwangwani da ta ajiye don haka, ba ta ko ɗaga kai ba. Gwangwanin ya kusa rabi. Ta irin wannan hanya ciwon hanta yake kama masu tsintar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda shawarar da aka yanke a ofis take faɗowa kan mutanen da ba a tambaya ba. A 2003 aka ba kamfanonin Sifaniya da Italiya kwangilar kwasar sharar birnin, aka haɗa kuɗin da takardar wutar lantarki. Kamfanonin suka jera kwanduna a titi, manyan motocinsu ba sa shiga lungu, jama'a kuma sun saba a zo musu har ƙofa. A 2009, da aka shiga fargabar murar aladu, gwamnati ta sa aka hallaka aladun ƙasar, kimanin 300,000, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu buƙata. To aladun nan da zabbalin suke kiwo su ne suke cinye ragowar abinci, su ne kuma asusun iyali na ranar ciwo ko biki. Da suka tafi, zabbalin suka rasa dalilin ɗauko ruɓaɓɓen abinci, ya taru a titunan birni.

Dutsen da yake musu inuwa shi ma abin tsoro ne. A Satumban 2008 wani ɓangarensa ya rufto kan unguwar Duweiƙa, mutum fiye da 100 suka mutu. Daga baya aka gina rukunin gidaje na Asmarat a saman Muƙaɗɗam, aka kwashe mutane daga wuraren haɗari. Gidajen suna da tsabta, ba zan hana musu wannan ba. Sai dai wanda sana'arsa take buƙatar tsakar gida da inji da wurin shanya, ɗaki a hawa na biyar bai warware masa komai ba.

Washegari na nufi gabas. Bayan an wuce rukunan gidaje masu katanga da ciyawa shar a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 45 daga tsohon birni, ga sabon babban birnin mulki da gini mafi tsawo a Afirka. Tituna masu faɗi, mutane ƙalilan. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙasar na 2019 zuwa 2020 sun nuna kashi 29.7 na Misirawa suna ƙarƙashin layin talauci, kuma wannan kafin a sakar wa kasuwa darajar fam, kuɗin Masar, a Maris ɗin 2024 ne, lokacin da dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50.

Da yamma na koma Manshiyat Nasir, na tarar da layi a gidan gurasa. Mai katin tallafi yana da gurasa biyar a rana ga kowane mutum. Tun 1989 guda take kirsh 5 (kirsh 100 ne fam ɗaya), sai a Yunin 2024 ta koma 20. Iyali mai mutum biyar da yake biyan fam ɗaya da kwata a rana, yanzu fam biyar yake biya, wato 150 a wata maimakon 37 da rabi. Wani yaro ya karɓi nasu, ya baza a kan faifan itace don su huce, ya ƙirga sau biyu, sannan ya ɗora a ka ya kutsa tsakanin buhuna.