Ranar da zafi ya kusa kashe mana kunkuru

Kunkurun gidanmu ya girme ƙannena biyu, tun Baba na da rai aka kawo shi daga ƙauye bai fi faranti ba, yanzu kuwa sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu. Irin babban kunkurun nan ne na yankin Sahel mai ƙaya a cinya. To da yake ɗan ƙasar zafi ne ban taɓa kawo wa raina cewa rana za ta iya yi masa illa ba.

Farkon 2024 muka yi gyaran gida aka shafe tsakar gida kaf da siminti, ramin da ya haƙa a gindin katanga kuma ni da bakina na ce a cike shi, don yana neman kayar mana da ita. Sai ga bazara ta faɗo daidai da azumi, kowa dai ya san abin da aka sha a Afrilun shekarar, a Kayes ta ƙasar Mali har digiri 48.5 ya kai, mu nan Kano muna ta fama da sama da 40 ga ba wuta.

Wata rana bayan azahar na fito alwala na hango shi ya kafa kai a lungu daidai inda ramin yake a da, yana ta kartar siminti har farcensa ya yi fari. Baki a buɗe, kumfa na fita, yawu duk ya jiƙa masa wuya da ƙafafun gaba. Na taɓa ƙoƙon bayansa wallahi kamar murfin tukunya. Da gudu na ɗauko ƙanƙarar da muka sayo ta buɗa baki zan fasa masa a jiki, Hajiya ta daka min tsawa daga ɗaki, "Kai, ajiye wannan! Ku ja shi zaure, ɗebo na randa ka sirka." Muka ja shi inuwa ni da ƙanena, muka sa shi a babban baho da ruwa ɗan kaɗan iya ƙasan haɓarsa, ina yayyafa masa a hankali. Sai wajen la'asar ya saki wuya ya tsoma baki ya fara sha, ina tsugunne ina kallon maƙogwaronsa na motsi, hawaye ne kawai ban yi ba.

Washegari na kira wani likitan dabbobi, ya ce gara da ba a sa ƙanƙarar ba, sanyi farat ɗaya kan jikin da ya ɗau zafi haka na iya ƙarasa shi. Shi ya fahimtar da ni cewa kunkuru ba ya gumi, zafin jikinsa na bin na wurin da yake, a daji ma ba juriya ce ke raya shi ba, ramin ne, ya haƙa mai zurfi ya shige inda ƙasa ke da sanyi da danshi sai safe ko yamma ya fito kiwo. Yawun nan da na gani dabararsa ta ƙarshe ce ta sanyaya jiki. Kenan ramin da na cike shi ne rayuwarsa.

A satin na sa aka fasa simintin gindin darbejiya nesa da katanga, muka fara masa ramin shi ya ƙarasa abinsa, na kafa rumfar zana a kai, kwano kam a'a, ƙara zafi yake. Kullum da safe ina watsa ruwa a bakin ramin, ga faffaɗan faranti na ruwa marar zurfi, don kunkuru ba kififiya ba ne, nutsewa yake. Ciyawa da ɓawon kankana da sassafe nake ba shi, ragowar tuwon da yara ke zuba masa na hana. Ina kuma duba farin abin da ke fita tare da fitsarinsa, in ya yi tsakuwa-tsakuwa to ruwa ya yi masa kaɗan, sai in jiƙa shi a baho minti 20. Yara na ja musu kunne kan kifar da shi, in ya kife a rana bai samu mai juya shi ba mutuwa zai yi.

Bana ma da zafin ya dawo, tun ƙarfe goma yake shigewa raminsa, Hajiya in ba ta gan shi ba sai ta aiki jika ya leƙo mata shi da tocila.