Ruwan da ban zuba a ramin sanda ba

Har yanzu in na tuna ƙarar da ƙaramin jirgin ruwana mai tafiya da iska ya yi a tsakiyar dam ɗin Tiga sai raina ya ɓaci. Wata ƙara ce kamar an karya busasshen rake, sai kawai na ga sandar da ke ɗauke da ƙyallen iska ta kwanta gefe guda, ta yage saman jirgin. Fita ta huɗu ke nan da na yi da shi.

Tun ina aiki a Legas nake sha'awar ƙananan jiragen nan na faiba masu tafiya da iska. Da na dawo Kano na ce ai muna da ruwa, Tiga tun 1974 take nan, zamanin Audu Bako, kuma tafiyar ba ta kai ta hana mutum zuwa ran Asabar ya dawo da yamma ba. Wani tsohon abokin aikina ya samo mini tsofaffin jirage biyu da ake son sayarwa a Legas, na je na gani.

Ɗaya Wayfarer ne, irin wanda Ian Proctor ya zana a Ingila a 1957. Tsawonsa kusan mita 5, mai faɗi, yana ɗaukar mutum uku ko huɗu, jirgin yawo ne da iyali. Irinsa ne Frank Dye ya tuƙa daga Sukotlan har Aisland a 1963. Amma nauyinsa ya haura kilo 160, sai da tirela. Ɗayan kuma Laser ne, zanen Bruce Kirby, jirgin tsere na mutum ɗaya wanda ake gasar Olamfik da shi tun 1996. Mita 4.2, gangar jikinsa wajen kilo 59, mutum biyu sun ishe shi ɗagawa zuwa saman mota. Nauyin nan ne ya yanke mini hukunci, na ɗauki Laser, ko da yake yawo nake so ba tsere ba, don wa zan yi tsere da shi a Tiga? Wannan ma kuskure ne, amma ba shi ne ya ci mini kuɗi ba.

Na duba jirgin, ba wai ban duba ba. Na danna samansa da tafin hannu ko'ina don in ji ko faibar ta yi laushi, na ƙwanƙwasa cikinsa, muka ɗaga shi mu biyu don mu ji ko ya sha ruwa ya yi nauyi. Na ware ƙyallen na ɗaga shi a rana ina neman ɓula. Abu ɗaya na tsallake: ramin da ake zura sandar a ciki.

Ga abin da ya sa ramin nan yake da muhimmanci. Sandar Wayfarer akwai wayoyi da ke riƙe da ita, biyu a gefe, ɗaya a gaba. Ta Laser ba ta da ko ɗaya. Duk ƙarfin iskar da ke bugun ƙyalle mai faɗin murabba'in mita 7 a kan ramin nan kaɗai yake sauka. Kuma sandar tana juyawa a ciki, in yashi ya shiga sai ta riƙa niƙa gindin ramin kamar dutsen niƙa, shekara da shekaru. Gwajinsa kuwa ba ya cin ko sisi: ka cika ramin da ruwa har baki, ka je ka sha shayi, ka dawo. In ruwan ya ragu, ramin ya tsage. Na san da wannan gwajin, akwai ledar fiya wata a hannuna ma a lokacin. Mai jirgin yana ta duba agogo, direban da zai ɗauko mana shi zuwa Kano yana ta waya, sai na ji nauyin in tsayar da su.

Ranar da abin ya faru iskar hunturu ce ke kaɗawa da ƙarfi daga arewa maso gabas. Allah Ya sa ina sanye da rigar ceto. Wani dattijo masunci ne ya zo da kwalekwalensa ya ɗaura mini igiya. Ya ce, "Alhaji, ba ka ji rauni ba dai ko?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, jirgin ne dai." Ya shafa wurin da ya yage da yatsa, ya ciro wani ruɓaɓɓen katako baƙi daga ƙasan ramin ya nuna mini, ya ce wannan ya daɗe yana shan ruwa.

Gyaran ya ɗauke ni wata biyu. Na yi yawo a Ƙofar Ruwa ina neman gam ɗin faiba da ƙyallensa, a ƙarshe wani mai gyaran bambar mota ne ya karɓi aikin. Sai da muka yanke saman jirgin muka buɗe ƙofa kusa da ramin don hannu ya shiga ciki. Haɗin farko ya daskare a cikin gwangwani kafin mu shafa rabinsa, saboda zafin rana yana sa gam ɗin ya kama da sauri, dole muka koma yin aikin bayan sallar asuba. Kuɗin da na kashe ya kusa rabin abin da na sayi jirgin. Da na zuba ruwan nan a Legas, da ko dai na fasa saye, ko na sa an rage kuɗin, na ƙarfafa ramin tun bai fashe ba, aikin kwana biyu.

Yanzu jirgin yana tafiya, kuma gaskiya in iska ta kama shi daɗinsa ba ya misaltuwa. Ina toshe ramin da tsumma duk lokacin da na ajiye shi saboda ƙurar Kano, ina rufe shi da tamfol don rana tana cin fatar faiba har ta koma gari. Yarana dai a bakin ruwa suke tsayawa suna kallo, don ba wurin zamansu a ciki. Na sa a tambayo mini ko Wayfarer ɗin nan yana nan ba a sayar ba, in yana nan da kaina zan koma, kuma zan kwana biyu a kansa kafin in biya.