Zuwa ga mutanen Sakkwato: kafin ku ba agogon Baba wani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali, muna rubuto muku daga Biyel ta ƙasar Suwizalan, garin kamfanin Omega, inda muke sana'ar gyaran agogo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne agogunan hannu da ake tararwa cikin kayan mamaci, a ƙasan adaka, ko a naɗe tare da carbi da fasfon aikin hajji. Daga cikin birni har Wurno da Gwadabawa da Tambuwal, ba a rasa gidan da ke da Seiko 5, Rado, Orient, Citizen, West End ko Omega da wani dattijo ya sayo a Makka ko Jidda. Allah ya jiƙan magabata. Mafi yawan ɓarnar da ke samun waɗannan agoguna tana faruwa ne a makon farko da suka shiga hannun magada.

Da an ga agogon, hannu kan kai ga maɓallin gefe don a ba shi wani, a ji ko yana da rai. Don Allah ku dakata. Man da ke cikin injin da ya shekara ashirin a ajiye ya riga ya bushe, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar samfefa. Ƙafafun da wili-wilin ciki ke juyawa a kansu sirara ne ƙwarai, na balans, wato wilin da ke kai da komo yana daidaita lokaci, bai wuce kaurin gashin kai ba. Agogon zai iya tashi ya yi ta tafiya, kuna murna, alhali yana cin kansa, kamar injin markaɗen da aka tayar babu baƙin mai. In kuwa mai batir ne, a cire tsohon batirin yau, domin ruwansa kan tsiyayo ya cinye wayoyin ciki.

Aikin farko karatu ne. Ku goge murfin baya da busasshen ƙyalle, ku ɗauki hoton fuska da baya da waya a cikin haske, ku rubuta duk lambar da kuka gani.

Seiko ya fi sauƙin ganewa. A bayansa akwai lamba mai gida shida, tsofaffi sosai gida bakwai. Gidan farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata ne: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, harafin O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Matsalar ita ce gidan farko ba ya faɗin ko 1970 ne ko 1980 ko 1990. A nan sai a duba ɗaya lambar mai layi a tsakiya, wadda rabinta na farko sunan injin ne. Injin 6309 an yi shi daga 1976 zuwa ƙarshen shekarun 1980, saboda haka in lambar ta fara da 0N, agogon na Nuwamban 1980 ne. Injin 7S26 kuwa sai 1996 ya fito. In kun gan shi a bayan agogon da aka ce Kaka ya zo da shi daga hajjin 1975, to ko labarin ya gauraya, ko an sauya murfi.

Omega na da, lambarsa a jikin injin take, sai an buɗe. Kamfanin ya kai miliyan 10 wajen 1944, miliyan 20 wajen 1963, don haka lamba mai farawa da miliyan 15 ko 16 ta tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshensu ce. A cikin murfin kuma akwai lambar samfuri, wadda ya kamata ta dace da injin da fuskar. Kada a buɗe da wuƙa ko almakashi. Murfi mai zare yana da nasa mabuɗi, kuma zamewa ɗaya kan bar tabon da ba ya gogewa.

Sauran agogunan Suwizalan irin su West End da Roamer da Enicar sai a tattara alamu. Kamfanoni da yawa sayen inji suke yi, tambarin maƙerin yana ƙarƙashin balans: AS, FHF ko ETA, da lamba a gefensa. In an rubuta "T SWISS MADE T" a ƙasan ƙarfe shida, fentin da ke haske da dare na sinadarin tiritiyam ne, wanda aka yi amfani da shi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Kalmar "waterproof" ta fara ɓacewa wajen 1970, "water resistant" ta maye gurbinta. Agogon kwaz mai batir bai girmi Disamban 1969 ba, lokacin da Seiko ya fitar da Astron.

Akwai gargaɗin da ba ma so ku ɗauka da wasa. Agogon da ya girmi 1960, mai lambobi da hannaye masu fenti ruwan ƙasa kamar ya ƙone, galibi radiyam ne a jikinsa, wani sinadari mai guba da ke sa fenti haske da dare. Hasken ya mutu tuntuni, amma gubar na nan, don sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfinta ke raguwa. Muddin gilashi na rufe, haɗarin kaɗan ne. Kada a kankare fentin, kada a hura shi da baki, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Wajen rabon gado kuma, launi ba hujja ba ne. Zinariya ta gaske tana da hatimi: 750 karat 18 ke nan, 585 karat 14, 375 karat 9. In kun ga "plaqué" da lamba kamar 10 ko 20, ruwan zinariya ne aka shafa a kan tagulla. Hukuncin namiji ya ɗaura shi, wannan na malamai ne, kuma Birnin Shehu ba ya rasa su. Namu shi ne mu ce kada a yi wa agogo kuɗi da nauyin ƙarfensa kawai, kuma kada a kai shi maƙera a narkar kafin wanda ya san agogo ya gani.

To, gyara. Abin da ake yi a teburan bakin kasuwa da yawa shi ne a tsoma injin ɗungurungum cikin fetur, a girgiza, a ɗiga masa man keken ɗinki, a rufe. Zai yi tafiya wata biyu ko uku. Daga nan man ya malala ya kai ga siririn sifirin ɗin balans, zagayensa su manne da juna, agogo ya riƙa gudu da mintoci a yini. Gyaran gaskiya shi ne a fara sauke ƙarfin babban sifirin, wanda ke naɗuwa in an ba agogo wani, a hankali, a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a share ramin kowane dutse da tsinke mai tsini, a duba ƙafafu da haƙora da gilashin ido. Duwatsun nan 17 ko 21 da aka rubuta a fuska yakutu ne na masana'anta, ba su da kuɗi, aikinsu rage gogayya. Giya ko sifirit ba ya taɓa ɗan ƙarfen nan mai kama da cokali mai yatsu da ke riƙe duwatsu biyu masu tsayar da wili, domin da ƙaro aka manna su, sifirit kuwa narkar da shi yake.

Mai ba iri ɗaya ba ne. Na kamfanin Moebius da aka fi amfani da shi, 9010 na balans ne da wili masu sauri, HP-1300 na masu tafiya a hankali da nauyi, 9415 na bakin duwatsun nan biyu. Ɗigon da ake sawa a kan allura yake, bai kamata ya cika ramin dutse ba. Yawan mai ya fi ƙarancinsa ɓarna. Ku tambayi mai gyara iri nawa ne da shi, ku kuma ce ya warware a gabanku ko ya nuna muku hoto. In kwalba ɗaya ce a teburinsa, ku yi masa sallama cikin mutunci.

Fuskar agogo ita ce inda muka fi jin takaici. Kada a wanke ta, kada a sake mata fenti, ko da ta yi ɗige-ɗige ko ta koma ruwan madara. Ruwa ko sifirit kan ɗauke rubutun nan take, kuma fuskar da aka sake fentawa kan zubar da darajar agogo warwas. Haka jikin: injin gogewa yana cinye kusurwoyi, a kan mai ruwan zinariya kuma sai tagulla ta leƙo. Sabulu kaɗan da tsohon buroshin haƙori sun isa, bayan an fitar da injin. Abin da ya halatta a sauya shi ne babban sifirin in ya gaji, robar murfi da ta maɓalli, da gilashi in ya tsage. Gilashin roba mai zane-zane kawai ana goge shi da samfefa mai laushi lamba 2000 da man gogewa, ya dawo garau. Duk abin da aka cire a ba ku a ƙulle a leda.

Bayan gyara, ku saita shi da agogon waya ku lura kwana uku. Tsohon agogo da ke kuskuren daƙiƙa 20 zuwa 30 a yini lafiyarsa lau, kuma cikakken wani ya kamata ya kai shi kusan awa 40. In ya fara gudu kwatsam, sau da yawa maganaɗisu ne, galibi daga lasifikar waya ko rediyo. Ku kusantar da shi ga kamfas ɗin duba alƙibla, in allurar ta motsa, to shi ne, kuma cirewa aikin minti ɗaya ne da na'urarsa. Ana ba shi wani ne bayan an cire shi daga hannu, juyi 20 zuwa 30, a tsaya da zarar ya yi tauri. Kada a sauya kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran kalanda na cikin aiki.

Ku cire shi duk lokacin alwala, ko me aka rubuta a bayansa, domin alkawarin hana ruwa na shekara hamsin baya ya ƙare. Turare ma a shafa kafin a ɗaura. Da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da gumi, da ƙurar hunturu, mai ba ya daɗewa a Sakkwato kamar a nan, don haka a sake wanki duk shekara uku ko huɗu. In hazo ya bayyana a cikin gilashi, a kai a buɗe a ranar, tsatsa ba ta jira.

Maɗauri kam ba sai an aiko muku daga nan ba. Ku auna tsakanin kunnuwan agogon, yawanci milimita 18, 19 ko 20 ne, ku kai wa dukawa su yanka muku na jar fatar akuyar Sakkwato, a yi masa shafi a ciki saboda gumi. Tsohuwar sarƙar ko maɗaurin asali a ajiye tare da takardar da kuka rubuta lambobin, da sunan mai agogon, da shekarar da ya saya in akwai wanda ya tuna.

A gaida dattawa da kowa da kowa. Wassalam.

'Yan'uwanku masu gyaran agogo,
Biyel, Suwizalan